Goro Ba Ya Magana, Mu Ke Sa Masa Baki

'Yar'uwa, ɗauki goro ɗaya ki dube shi da kyau. Ɗan itace ne mai ɗaci, ko fitowa ba ya yi a ƙasarmu. Mu nan Funtuwa da Malumfashi auduga da masara da dawa muka sani. Goro kuwa, a da sai fatake sun yi watanni da jakuna zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, kafin su kawo shi. Yanzu ma daga Kurmi, irin su Shagamu, motoci ke ɗauko shi.

Amma in yarinya ta yi sallama ta miƙo miki goro da alawa, tun kafin ta buɗe baki kin san biki ne ko suna. Wa ya koya wa goro wannan saƙo? Babu. Mutane ne suka yarda a tsakaninsu, sai ɗaci ya zama albishir.

Haka uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Baƙo zai ce ƙiyayya ce, mu kuwa mun san kunya ce, kuma ƙauna na nan cike da ciki.

To, kin ga ma'ana ba a jikin abu take ba. Mai aikawa na zuba tata, mai karɓa ma na zuba tata. A nan gidaje da yawa suke rushewa.

Na san wani gida a unguwarmu. Uwargida ta sayi tsintsiya biyu wurin 'yar talla, ta aika wa amarya ɗaya. Ƙawayen amarya suka ce, "Ke, ba ki gane ba? Cewa ta yi ke ƙazama ce!" Wata huɗu ana gaba, har amarya ta yi yaji. Da aka zauna gaban manya, uwargida kuka ta fashe da shi, ta ce wallahi gani ta yi ta amarya ta cinye.

Tsintsiya ba ta zagi kowa ba. Waɗanda suka fassara ta su suka yi zagin.

Ban ce babu habaici a duniya ba, akwai. Amma tunda fassara a hannunki take, ke ma za a tambaye ki a kanta. Kafin ki ɗaure fuska, tashi ki je ki ce, "Yaya, na ga saƙo, na gode," ki ji daga bakinta.

Allah Ya ba mu kyakkyawan zato, amin.