Wane ne ɓarawo a gidan nan?

Yau hirarmu a kan wani fim ce da nake ƙauna, wanda nakan sake kallo duk ƙarshen shekara. Ya bar mini wata tambaya, ni ma zan bar maka ita: shirun da ake yi a gida don gudun rigima, shin zaman lafiya ne, ko kuwa rigimar ce aka rufe da faifai?

Sunan fim ɗin The Ref, wato alƙalin wasa. Fim ɗin Amurka ne, Ted Demme ya shirya shi, ya fito a shekarar 1994. Wasan ban dariya ne, amma dariyarsa da ɗaci. Kana cikin ƙyalƙyatawa sai ka ji kamar da kai ake.

Ga yadda labarin yake. Daren jajibirin Nowel ne, a wani ƙaramin garin masu hali cikin jihar Konetikat. Wani ɓarawo mai suna Gus, wanda Denis Leary ya fito a matsayinsa, ya shiga gidan wani attajiri zai fasa akwatin ƙarfe. Tarko ya kama shi, kare ya cije shi, abokinsa da ke jiransa da mota ya tsere. Ƴan sanda suka bazu cikin gari. Da ya rasa mafita, sai ya tsare wata mata da mijinta da bindiga, ya ce su kai shi gidansu ya ɓuya.

Ashe ya ɗebo ruwan dafa kansa. Lloyd da Caroline, waɗanda Kevin Spacey da Judy Davis suka fito a matsayinsu, fitowarsu ke nan daga wurin mai sana'ar sasanta ma'aurata, kuma ba su sasanta ba. Bindiga na kansu suna gardama. Ya ɗaure su da igiya, bakinsu bai ɗauru ba. Ɓarawon da ya zo neman maɓoya ya koma rabon faɗa. Can sai ga dangin miji sun iso cin abincin salla: uwarsa Rose, da ɗan'uwansa, da matar ɗan'uwan, da yaransu. Dole Gus ya ce shi ne likitan nan mai sasanta su. Aka zauna cin abinci, kowa da kambin kyandir mai ci a kansa, irin al'adar mutanen Suwidin da Caroline ta aro, ana murmushin dole, zukata na tafasa.

To, tsaya nan mu duba. Mutum ɗaya ne ƴan sanda ke nema, amma ƙirga mini masu ɗaukar abin da ba nasu ba a gidan. Caroline ta ci amanar aure. Lloyd ya yi shekaru yana gori a kan haka, ya hana ta hutawa, shi ma bai huta ba. Ɗansu Jesse, da suka tura makarantar soja don ya shiryu, can ya koyi karɓar kuɗin toshiyar baki daga wani babban makarantar. Sai kuma uwa. Lokacin da gidan abincin Lloyd ya karye, ita ta ba shi rance, da ruwa a kai. Gidan da suke ciki nata ne, kantin da yake aiki nata ne. Da wannan bashi take juya shi, tana wulakanta matarsa a gabansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

A ganina nan zuciyar fim ɗin take. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ɗa ya ci na uwarsa. Amma taimakon da ake bi da gori ya daina zama taimako, ya koma igiyar ɗaure mutum. Gus zinariya yake ɗauka, ana iya sayen wata. Rose kuwa ta ɗauke wa ɗanta bakin magana a cikin gidansa. Ka gaya mini, wace sata ce ta fi ciwo?

Na san abin da za ka ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gidan da kowa ke amayar da abin da ke ransa ba ya daɗewa a tsaye, kuma uwa uwa ce, ko me ta yi. Na yarda da kai. Haƙuri da kawaici su ke riƙe da gidaje da yawa, kuma ranar salla ba ranar tonon silili ba ce. Sai dai rufin asiri iri biyu ne. Akwai wanda kake yi don kada na waje ya ga tsiraicin gidanka, wannan mutunci ne. Akwai kuma wanda kake yi don kada kai kanka ka gani. Na biyun shi ne na su Lloyd. Suna ta faɗa a kan ƙananan abubuwa dare da rana, amma babbar maganar ba wanda ya taɓa ta. Ƙurjin da aka rufe ba a matse ba, ciki yake ci.

Abin da ya sauya a daren shi ne zuwan baƙon da ba ya cin bashin kowa, ba ya jiran gadon kowa. Shi kaɗai ke iya cewa tsohuwar ta yi shiru. Da Lloyd ya ga haka, sai ya ɗauki ƙarfen tona wuta ya yi ta dukan iccen Nowel har kowa ya natsu, sa'an nan ya faɗi abin da ya daɗe yana haɗiyewa. A karon farko ya tsaya wa matarsa a gaban uwarsa. A karon farko kuma shi da ita suka saurari juna.

Kada ka ɗauka fim ɗin yabon sata yake yi. Da Jesse ya so ya bi Gus su gudu tare, Gus da kansa ya hana shi, ya nuna masa rayuwar gudu ba ta da daɗi. A ƙarshe ma'auratan sun bar ɓarawon ya sulale cikin jajayen tufafin tsohon nan mai rabon kyautar Nowel. Kai da ni muna iya saɓawa a kan wannan. Abin da ya fi damuna shi ne sai da aka ɗaure mutum biyu da igiya kafin ɗaya ya ji ɗaya. Abin dariya ne, abin kuka ne kuma.

Mu nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da ranakun da dangi ke haɗuwa a kan akushi ɗaya, ranar salla ko biki ko suna. Ka san akwai gaisuwar da ake yi da baki, zuciya na wani wuri. Idan akwai wanda ka taimaka wa kana kuma tuna masa kullum, ka sake shi. Idan akwai maganar da ke ci maka rai, ka nemi mai ita tun kafin ranar taro, ku biyu, cikin ladabi, ko ka sa wani dattijo a tsakani. Kada ku jira ɓarawo ya zo ya sasanta ku.

Sai wani jiƙon.