Dare: Rigar Mugu Ko Mahutar Bawa?

Hausawa suna da karin magana guda biyu game da dare waɗanda in aka jera su sai a ga kamar suna jayayya da juna. Sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. To, wanne za mu kama? Shin dare ne ke ɓata mutum, ko kuwa tona abin da ke cikinsa kawai yake yi? Wannan tambaya ta fi nauyi a kan wanda aiki ya kai shi wata ƙasa, domin shi riga biyu ya samu a lokaci guda, wato duhun dare da kuma baƙunci.

Birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda na koyar da Turanci a darussan hutu na wata makaranta mai zaman kanta, ya isa misali. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da ake damina a gida, can ko ɗigon ruwa ba a gani. Zafi yakan kai digiri 35 da rana, wani lokaci ya haura 40. Saboda haka mutanen wannan birni, su fiye da miliyan 20 in an haɗa da kewaye, sun sake wa yininsu tsari. Wanda ya samu hali yakan shige ɗaki bayan azahar ya rufe taga, sai rana ta faɗi gari ya farka. Bayan isha'i za ka ga magidanci da matarsa da 'ya'yansa, har da na goye, a kan gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakoki huɗu, wadda aka buɗe a 1933, suna shan iskar Kogin Nilu suna cin gasasshiyar masara. Wasu na cikin kwalekwale, wasu na layin ruwan rake. A unguwar Khan Khalili, kusa da masallacin Husaini, akwai shagon shayi na Fishawi wanda ya haura shekara 200, inda marubuci Najib Mahfuz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1988, ya sha zama. A 2024, sa'ad da wutar lantarki ta yi ƙaranci, gwamnati ta ba da umarnin a riƙa rufe shaguna da ƙarfe 10 na dare daga farkon Yuli, amma gada da bakin kogi ba su da ƙofar da za a rufe.

Mu da muka tashi inda ake yi wa yawon dare kallon banza, abin da za mu fara koya a nan shi ne sa'a ba ta da laifi. Ƙarfe ɗayan dare da a garinmu sai ɓarawo da maigadi, a Alƙahira lokacin zumunci ne da cefane. Wanda ya yanke wa waɗannan mutane hukunci da agogon garinsu ya zalunce su.

Sai dai kuma ga ɗaya fuskar. A cikin wannan dare dai, titin Haram da ya nufi dalar Giza ya yi suna da gidajen rawa. Motar hayar da za ta kai ka masallacin Husaini ita ce za ta kai ka can, kuɗin ma ba wani bambanci mai yawa. A gida, malamin makaranta ba ya iya tsayawa a ƙofar irin wannan wuri, domin kafin gari ya waye labari ya kai wa surukinsa da limamin unguwa da ɗalibansa. A baƙon wuri duk waɗannan idanu sun gushe. Akwai dai bawwabi, wato mai tsaron ƙofar bene, wanda ya san lokacin fitar kowa da dawowarsa, amma bai san mahaifinka ba, kuma ba zai taɓa haɗuwa da matarka ba.

A nan ne tambayar ta yi tsauri. Idan abin da ke hana mutum aikata assha a gida shi ne gudun kada a gan shi, ashe kirkin nasa na aro ne, na maƙwabta ne, kuma ranar da ya hau jirgi zai bar shi a filin jirgin sama. Wani zai ce ai ba komai, tunda kunyar mutane ta hana ɓarna ta yi amfaninta. Gaskiya ne, kuma ba a raina ta, domin da ita ake tarbiyyar yaro kafin hankalinsa ya nuna. Amma ita kamar sandar da ake kafa wa dashe ce, ana sa ta ne domin wata rana itacen ya tsaya da kansa. Mutum ya kai shekara arba'in yana jingine da sanda, ai akwai sauran aiki. Hali zanen dutse da ake faɗa, ba a sanin an zana shi sai an je inda babu mai dubawa.

Wani kuma zai kawo cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan magana tana aiki a kan lokacin cin abinci da na barci da yadda ake gaisuwa. Baƙo ya kwanta da rana ya fita da dare, ya zauna a shagon shayi ya koyi Larabcin kasuwa, duk daidai ne, har ma wanda ya ƙunshe kansa a ɗaki don tsoron dare ya yi asarar tafiyar, tunda an ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma amana ba wutsiya ba ce da za a ɗaura a kwance.

Ga malami kuwa akwai ma'auni mai sauƙi, wato safiya. Saboda zafi da sassafe ake shiga aji, kuma iyaye sun biya kuɗi da guminsu. Daren da ya mayar da kai gaban allo da sabon misali da sakin fuska, mahutar bawa ne. Daren da ya mayar da kai kana hamma, ba ka duba aikin yara ba, kana fargabar kada wani ya tambayi inda ka kwana, ya ci haƙƙin wanda bai ji ba bai gani ba, ko da kuwa babu wanda ya gan ka. Haka nan kuɗin da iyali ke jira a gida, su ma suna da bakin magana a kan yadda aka kashe daren.

'Yan'uwa marubuta, mu ma akwai namu a ciki. Sau da yawa a littattafanmu da zarar an ce tauraro ya tafi ƙasar waje ko ya fita da dare, mai karatu ya san lalacewa ta zo. Wannan ya sauƙaƙa al'amarin fiye da kima, ya ɗora wa wuri da lokaci laifin da yake na zuciya. Ku kai shi bakin Nilu da ƙarfe ɗayan dare, ku sa masa kuɗi a aljihu, ku kawar da duk wanda ya san shi, sannan ku bar mu mu ga inda zai ce wa direba ya nufa. Allah Ya ba mu halin da ba ya bukatar mai gadi.