Wanda Ya Ci da Wanda Aka Ci

Sa'ad da muke firamare, akwai wani kango bayan gidanmu inda mukan taru mu yi cacar robali. Wanda aka ci yakan tafi gida da kuka, wanda ya ci kuwa ya cika hannu da robali har gwiwar hannu. A da na ɗauka mai kukan ne abin tausayi. Yanzu kam na sake tunani.

Wani ƙanena ne ya sa na sake shi. Yana koyon ɗinki wajen wani tela, sai rannan ya sa naira 200 a cacar ƙwallon Ingila ta cikin waya, ya ci abin da ya fi ladansa na wata guda. Tun daga ranar keken ɗinki ya fita masa a rai. In aka yi masa faɗa, sai ya ce don me zai kwana a kan babbar riga alhali minti 90 sun ishe shi?

To, mai karatu, a nan ɓarnar take. Babba in ya faɗa caca, ya riga ya san gumi, yana da abin da zai auna kuɗin da shi. Yaro bai sani ba tukuna. Cin farko shi ne ma'auninsa, kuma da shi zai raina kowace sana'a.

Bai kuwa san lissafin ba. In ka haɗa wasa 10 a takarda ɗaya, ko da kowanne rabi da rabi ne, damarka ɗaya ce cikin 1,024, ga kuma rabon kamfani da aka riga aka cire. Amma in tara suka faɗa daidai, yaro ba ya cewa an ci shi, sai ya ce saura ƙiris.

A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, a shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi ke da ikon tsara harkar. Madalla. Sai dai ƙanena bai taɓa shiga shago ba. A ɗakinmu yake yi, da wayar da ni na saya masa, kuma ranar da ya ci ɗin nan, har da ni aka ci tsiren.