Ɗan Jarida a Mizanin Shaida

Malaman fiƙihun Malikiyya, tun daga Ibn Abi Zaid mai Risala har zuwa alƙalan da suka zauna a ƙasar Kano, sun gindaya wa shaida sharuɗɗa masu tsauri, ta yadda ba a karɓarta daga wanda ba adali ba, ko daga abokin husuma, ko daga wanda zai jawo wa kansa amfani da abin da ya faɗa. To, idan shari'a ta tsananta haka a kan mutum guda da zai yi magana gaban alƙali a kan iyakar gona, ina ga wanda zai zauna a gidan rediyo a birni, muryarsa ta ratsa zauruka daga Bebeji har Doguwa, jama'a kuwa su yanke hukunci tun ba a tashi daga hira ba?

Wannan ƙarfi ba yau ya fara ba. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya mai boko kan karanta wa taro guda, abin da ya fito a takarda kuwa sai ya zama hujja. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa jaridar Triumph a 1980, aka buɗe gidan rediyon Freedom mai zaman kansa a Kano a 2003, yau ga waya a aljihun kowane ɗan acaɓa a Kwanar Dangora.

Akwai masu tsantseni da suke ganin sana'ar jarida kacokan giba ce da annamimanci, tunda rabinta ambaton mutane ne da abin da suke ƙi. Ban bi su a kan wannan ba, domin Imam Nawawi ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, cikinsu har da kai kukan zalunci da gargaɗin Musulmi daga sharri, kuma da jarida ba ta tona asirin macuta ba, da talaka bai san inda haƙƙinsa ya maƙale ba. Sai dai rukhusar tana tafe da sharaɗin da Suratul Hujurati ta kafa, watau bin diddigin labari kafin a ɗauke shi. A nan ne sojojin baka suka faɗi, waɗanda uban gida yake saya wa fili a rediyo su ci mutuncin abokin hamayyarsa, gobe in an sauya sheƙa su wanke wanda suka ɓata jiya. Wane alƙali ne zai saurari mai shaidar da ya shigo kotu da ambulan a aljihu?

Laifin da ya fi damun kudancin Kano, a ganina, shi ne ɓoye shaida, wanda ƙarshen Suratul Baƙara ya jingina zunubinsa ga zuciya. Da rikici ya ɓarke a Tudun Wada a zaɓen Fabrairun 2023, aka ƙone ofishin jam'iyya, aka rasa rayuka, sai da sunan garin ya cika kafafen labarai. Haka dajin Falgore, ba a cika tuna shi ba sai ɓarayin shanu sun yi ta'asa. Amma manomin masara na Doguwa da ya sayi taki da tsada ya sayar da buhu da asara, da kuzar Riruwai da ke kwance, da ƙauyukan da ke gefen madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, alhali ruwanta yana wucewa ya raya gonakin Kadawa da Kura, waɗannan ba su cika samun mai tsaya musu shaida ba, saboda ba su da kuɗin sayen fili.

Ku masu gidajen rediyo da jaridu na Kano, ku aiko wakilai su zauna a waɗannan garuruwa, su ci kasuwarsu, su ji da kunnensu, kada ku jira sai an zubar da jini.