A Jikin Wa Likita Zai Koya?

Tun 1882, da likita Langenbuch ya fara cire maɗaciyar mutum a birnin Balin, in tsakuwa ta taru a cikinta ta hana mutum sakat, sai a tsaga masa ciki. A 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya zo da wata dabara. Yanzu akan huda ciki wuri uku ko huɗu, a hura masa iska, a zura ɗan madubi mai fitila, likita yana duban hoto yana aiki. Majiyyaci yakan koma gida ran nan ko kashegari.

Amma sa'ad da dabarar ta fara yaɗuwa, wajen 1990, sau da yawa an ji wa bututun da ke kai ruwan maɗaciya hanji rauni, don hannun likitoci bai saba ba. Raunin nan kuwa yakan bi mutum shekaru. Ya ragu da aka ƙware, amma bai ƙare ba.

To, ba a ƙwarewa sai an koya a jikin wani. Wane ne zai zama na farko? Ko wane ne, haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiya tun bai kwanta ba, ƙwararre kuma ya tsaya kusa da mai koyo. In kumburi ya rufe wurin har ba a bambanta bututu da bututu, sai a ajiye madubi a tsaga ciki kamar dā. Akwai mai jin kunyar yin haka, wai kada a ce ya kasa. Mai cikin kuwa an sa shi barci, ba shi da bakin magana.