Zobe da Duwatsun Ado: Me Ya Kamata Musulmi Ya Duba Kafin Ya Saya?

Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya ɓoye taskoki a cikin duwatsu da ƙarƙashin teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan alhazanmu suka dawo, cikin tsarabarsu akwai zobba masu duwatsu ja da kore da shuɗi. Haka nan a Babbar Kasuwar Yamai, da kasuwar Dole ta Damagaram, da wajen maƙeran azurfa na Agadas da Tawa, ana ta cinikin sarƙa da ƴan kunne da warwaro, musamman lokacin haɗa kayan aure. Ado ba laifi ba ne. Suratun Nahli ta lissafa kayan ƙawar da ake fitarwa daga teku cikin ni'imomin Allah, Suratur Rahmani kuma ta ambaci lu'ulu'u da murjani da yaƙutu. Abin da muke so mu tunatar da kanmu shi ne, mai saye ya yi wa kansa tambaya 3 kafin ya miƙa kuɗi.

Tambaya ta farko: don me nake son wannan dutse?

Wannan ita ce mafi girma, domin ta shafi tauhidi. Sau da yawa mai sayarwa yakan ce wannan dutse yana jawo arziki, wancan yana kare maita da kambun baka, wani kuma yana sa farin jini. Yanzu har ta wayar salula ana tallar dutsen watan haihuwa, alhali jerin duwatsun da aka fi yayatawa, ƙungiyar masu sayar da kayan ƙawa ta Amurka ce ta tsara shi a 1912 don kasuwarta. Hadisan da ake kawowa kan falalar zoben aƙiƙi kuwa, malaman hadisi irin su Uƙaili da Ibnul Jauzi sun bayyana cewa ba su inganta ba.

Mu dubi Sayyidina Umar. Ya tsaya gaban Hajarul Aswadi, dutsen da ya fi kowane dutse daraja, ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma yana sumbatarsa ne kawai don ya ga Manzon Allah (S.A.W.) ya yi. To idan haka ne matsayin dutsen Ka'aba, ina ga wanda aka jera a faifai a bakin kasuwa? Wanda ya ƙudurce cewa dutse da kansa yake karewa ko azurtawa, ya faɗa shirka babba. Wanda ya ce Allah ne mai yi amma dutsen sanadi ne, shi ma ya riƙi abin da shari'a ba ta sanya shi sanadi ba. Mu sa dutse don kyansa, mu bar dogaro ga Allah.

Tambaya ta biyu: shin ya halatta gare ni?

Zinariya halal ce ga mata, haram ce ga maza, ko da zoben aure ne. Namiji azurfa aka yardar masa. Bayan sulhun Hudaibiyya, da Annabi (S.A.W.) ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakuna, aka gaya masa ba su karɓar wasiƙa sai da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa dutsen zobensa na Habasha ne. Zoben hatimin ya zauna a hannun Abubakar, da Umar, da Usman, har ya faɗa rijiyar Arisa a Madina. A mazhabar Malikiyya, zoben namiji ɗaya ne, kada ya wuce nauyin dirhami 2, wato kimanin giram 6, kuma an fi son hannun hagu. Zoben baƙin ƙarfe da na tagulla makaruhi ne.

Mace kuwa ƙofa a buɗe take gare ta: zinariya, azurfa, lu'ulu'u, murjani, zumurrudu. Sai dai Suratun Nur ta iyakance waɗanda za ta bayyana wa adonta, har ta hana buga ƙafa don a ji ƙarar abin da ke ɓoye. Kuma muna kira ga iyaye da angwaye: abin wuyan da aka ci bashi dominsa don kada a ji kunya gaban dangi, nauyinsa a wuyan maigida yake zama shekara da shekaru.

Tambaya ta uku: shin cinikin ya tsarkaka?

A ranar Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12. Da ya rarrabe su, sai ya tarar zinariyar kaɗai ta fi dinari 12. Annabi (S.A.W.) ya hana a sayar da irinsa sai an rarrabe. Daga nan muke fahimtar cewa musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya daidaita, kuma hannu da hannu. Matanmu da ke kai tsohuwar sarƙa su karɓi sabuwa su cika kuɗi, su kiyaye. Hanyar da ta fi kuɓuta ita ce a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗinta, sa'an nan a sayi sabuwar a biya nan take.

Mai saye ya nemi a auna zinariya daban, a yi wa dutse farashi daban, kada a saya masa kwalba a kuɗin zinariya. Ya duba hatimin da ke jikin kayan: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, azurfa kuma 925. Aƙiƙi na gaske ya fi kwalba sanyi a fata, bakin wuƙa ba ya karce shi cikin sauƙi, kwalba kuwa sau da yawa akan ga ƴan kumfa a cikinta idan an ɗaga ta ga haske. Ku kuma ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Kiran rinannen dutse na asali algus ne, rantsuwa a kansa kuma tana tafiyar da albarka.

Saura batun zakka. A wurin Imamu Malik babu zakka a kan adon da mace take sawa, kuma a cikin Muwaɗɗa ya kawo cewa Nana A'isha tana riƙon ƴaƴan ɗan'uwanta marayu masu kayan ado, ba ta fitar musu da zakka. Hanafiyya sun wajabta. Amma zinariyar da aka saya don ajiya, idan ta kai kimanin giram 85, ko azurfa giram 595, ta kuma shekara, to a fitar da kashi 1 cikin 40. Duwatsu su kaɗai babu zakka a kansu sai in na kasuwanci ne.

Allah Ya yi wa bayinSa muminai alkawarin mundaye na zinariya da lu'ulu'u a Aljanna. Muna roƙonSa Ya tsare mana imaninmu, Ya tsarkake cinikinmu, Ya sanya mu cikin waɗanda za a ƙawata a wannan rana. Amin.