Amanar Abokin Karawa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sinja ta nufi Sinnar, ta ratsa Mai Wurno da sauran ƙauyukan da ke bakin Shuɗin Nilu, ya san abin da yakan faru sa'ad da samari biyu suka haɗu a kan babura. Ba wanda ya ce a yi tsere. Na baya ya matso, na gaba ya waiwaya, sai kowa ya murɗa totur. Tsohuwar da aka goyo tana ta faɗa, buhun dawa yana rawa a baya, amma ba mai so a ce an wuce shi. Ba babur ne ya kawo wannan hali ba. Tun a gayyar noma, in makaɗi ya fara zuga, saurayi ya gwammace hannunsa ya yi bororo da a ce wani ya riga shi fita kunya. Son wuce ɗan'uwa tsohon abu ne a zuciyar mutum, kuma ba a kansa gardama take ba. Abin tambaya shi ne, mene ne hakkin wanda ake so a wuce?

Bahaushe yana da sunaye biyu masu kama da juna: abokin karawa da abokin gaba. Da "aboki" aka fara kowannensu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta da yawa. Da wuya a sami inda wannan tazara take fitowa fili kamar a gasar tseren babura ta duniya, wadda aka fara a 1949, ake kuma kiran babban ajinta MotoGP tun 2002.

Baburan wannan aji ba irin na kan titi ba ne. A 2023, a filin Mugello na Italiya, Brad Binder mutumin Afirka ta Kudu ya yi gudun kilomita 366 a sa'a guda. In za su sha kwana sukan kwantar da babur har gwiwa da gwiwar hannu su shafi kwalta, tsakanin wannan da wancan wani lokaci bai kai kamu ɗaya ba. Ba ƙarfen da ya kewaye mahayi kamar na mota. Rigar fata ce kawai da hular kwano. Saboda haka kowane mahayi yakan shiga kwana ne bisa ga amincewa cewa na kusa da shi zai kama birki inda ya kamata, zai kuma bar masa wurin da taya za ta bi. Wato ran mutum yana hannun wanda ya fi kowa so ya ci shi.

Akwai wani fili a ƙasar Maleshiya da ake kira Sepang. Ranaku uku a wannan fili sun isa mai karatu ya auna batun.

Ta fari ita ce 23 ga Oktoba 2011. A zagaye na biyu babur ya zame da Marco Simoncelli, saurayi ɗan Italiya mai shekara 24. Ya riƙe shi bai saki ba, babur ɗin ya jawo shi tsakiyar hanya, gaban Colin Edwards da Valentino Rossi. Ba yadda za su kauce. Simoncelli ya rasu a ranar, aka soke tseren. Ba laifin kowa ba ne, Rossi kuwa amininsa ne na kusa. Duk wanda yake wurin ya ga irin amanar da suke ɗauke da ita.

Shekara huɗu bayan haka, a 2015, Rossi ya komo Sepang yana da shekara 36, yana neman kambinsa na goma. Yana gaban Jorge Lorenzo da maki 11, saura tsere biyu. Ran Alhamis, a gaban 'yan jarida, sai ya zargi Marc Marquez, yaro mai shekara 22 wanda ba ya cikin masu neman kambi a lokacin, cewa a tseren da ya wuce a Ostireliya ya yi ta ɓata masa gudu da gangan domin ya taimaki Lorenzo, gama su biyu 'yan Sifen ne. Zargin yana da wuyar tsayawa, domin Marquez ne ya ci wancan tsere, kuma Lorenzo ɗin ya wuce a zagayen ƙarshe, ya rage masa maki 5. Amma magana zarar bunu ce. Marquez ya tashi yana ƙaunar Rossi tun yana ƙarami, ga shi gwaninsa ya kira shi munafuki duniya tana ji.

Ran Lahadi, 25 ga Oktoba, suka sarƙe a kan matsayi na uku, wannan ya wuce wancan ya rama, kamar ba sauran tsere a duniya. A zagaye na bakwai Rossi ya rage gudu a kwana, ya juya ya dubi Marquez, ya yi ta matsa shi zuwa gefen hanya. Suka gogi juna, Marquez ya faɗi. Waɗansu suka ce Rossi ya harbe shi da ƙafa, shi kuwa ya musa. Alƙalai suka hukunta shi saboda tura abokin karawa waje da gangan, hukuncin da ya sa ya tashi daga sahun ƙarshe a tseren Balensiya. Can ya yi ta ratsa mutane har ya kai na huɗu, amma Lorenzo ya zo na ɗaya, ya ɗauki kambi da maki 330, Rossi yana da 325.

Abin lura a nan shi ne bayanin shugaban alƙalan, Mike Webb. Ya nuna cewa a ganinsa akwai laifi ta kowane gefe, sai dai Marquez bai karya wata doka da ke rubuce ba. A nan iyakar doka take. Tana iya auna inda taya ta bi, ba ta iya auna abin da ke zuciyar mai riƙe da kan babur. Mutum yana iya cutar ɗan'uwansa ƙwarai ba tare da ya taka ko layi ɗaya na doka ba, kamar ɗan kasuwar da bai yi ƙarya ba, bai tauye mudu ba, amma ya karya farashi wata uku domin kawai maƙwabcinsa ya rufe shago. In Marquez ya yi abin da aka zarge shi, lamirinsa ne kaɗai shaida. Na Rossi kuwa a fili yake, kuma ya fi nauyi, gama shi ne babba, shi ne kuma ya ga abin da ya sami Simoncelli a wannan fili.

Gabar ta daɗe. A Yuni 2016, a Basalona, wani saurayi mai suna Luis Salom ya rasu a wajen gwaji. Bayan tseren wannan mako Rossi da Marquez suka yi musafaha. Abin takaici ne a ce sai an yi mutuwa kafin manya biyu su tuna abin da ya haɗa su. Sulhun ma bai ɗore ba. A 2018 Marquez ya kayar da Rossi a Ajantina, ya tafi garejinsa neman gafara, aka hana shi shiga. Daga baya a wannan shekara ya miƙa hannu a gaban 'yan jarida, Rossi bai karɓa ba. Magoya baya kuwa, kamar yadda suka saba ko'ina, suka ɗauki faɗan suka fi masu shi zafi.

Rana ta uku ita ce 3 ga Nuwamba 2024. Masu neman kambi su ne Francesco Bagnaia ɗan Italiya, wanda ya ci na 2022 da 2023, da Jorge Martin ɗan Sifen. Sun san juna tun suna yara a ƙaramin aji, inda suka yi 2015 da 2016 a ƙungiya ɗaya, har ɗaki ɗaya sukan kwana. Bagnaia kuma almajirin Rossi ne, a makarantarsa ya tashi. Baburansu iri ɗaya ne, na kamfanin Ducati, sai dai Bagnaia yana ƙungiyar kamfanin, Martin yana ƙaramar ƙungiya mai suna Pramac. Akwai abin da zai iya haddasa gaba: a watan Yuni kamfanin ya zaɓi Marquez ya zama abokin aikin Bagnaia a shekara mai zuwa, ya tsallake Martin, shi kuwa ya sa hannu zai koma Aprilia. Duk da haka kamfanin bai rage masa kayan aiki ba.

A zagaye uku na farko a Sepang suka yi ta musayar gaba fiye da sau goma, kafaɗa da kafaɗa, da zafin da bai gaza na 2015 ba. Ba wanda ya faɗi. Kowa ya matsa, kowa kuma ya bar wa ɗan'uwansa ɗan wurin da zai tsira. Bagnaia ya ci, Martin ya zo na biyu, suka sauka suka gaisa.

Abin da ya fi wannan nauyi ya faru ne kwana biyu kafin tseren. A ƙarshen Oktoba ambaliya ta kashe mutum fiye da 200 a yankin Balensiya, inda aka shirya yin tseren ƙarshe. Bagnaia yana bayan Martin da maki 17, yana bukatar kowane tseren da ya rage. Duk da haka ya fito ya ce ba zai yi tsere a Balensiya ba, ko da hakan zai raba shi da kambi. Aka mai da tseren Basalona, ran 17 ga Nuwamba.

Ya isa can yana baya da maki 24. Akwai wata dabara da doka ba ta hana ba: na gaba ya rage gudu domin 'yan baya su cimma abokin karawarsa, a cunkushe shi, ko Allah ya sa ya yi kuskure. Lorenzo ya gwada ta a kan Marquez a tseren ƙarshe na 2013, ba ta yi masa aiki ba. Bagnaia bai bi wannan hanya ba. Ya ci gajeren tseren Asabar, ya ci na Lahadi, Martin ya zo na uku a duka biyun. Aka tashi Martin yana da maki 508, Bagnaia 498. Mutumin da ya ci manyan tsere 11 cikin 20 ya rasa kambi a hannun wanda ya ci uku kaɗai, domin shi ya yi ta faɗuwa, Martin kuwa galibi yakan zo na biyu ko na uku. Da aka gama ya je ya taya shi murna.

Wani zai ce, to, ga amfanin kirki ke nan: mai kirki ya koma gida hannu wofi. Wannan magana ba ta banza ba ce, bai kamata a share ta da wa'azi ba. Kambi ba wasan yara ba ne. Aikin ɗaruruwan ma'aikata ne, da dukiya mai yawa, da sunan da mutum zai bari. Gaskiya ce kuma ba kullum nagarta take biya a fili ba. Sai dai mai wannan magana ya ɗauka kambi abu ne da yake da daraja shi kaɗai, kamar buhun riɗi da za a kai kasuwa, ko ta yaya aka same shi nauyinsa ɗaya ne. Ba haka ba ne. Darajar kambi ita ce shaidar cewa ka fi wani gwani a ranar da yake da cikakken ƙarfinsa. In an nakasa shi da makirci, ko an tura shi cikin tsakuwa, shaidar ta lalace, ƙarfen kofi ne kawai ya rage. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. A fagen kokawa ma wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kayar, ba don tausayi kaɗai ba. Ƙarfin wanda ke ƙasa shi ne ya sa kayen ya zama abin kiɗa.

Kevin Schwantz ya san wannan fiye da kowa, ko da yake shi ba makirci ya yi ba. Shi da Wayne Rainey, dukansu 'yan Amurka, sun fara karawa tun a gida wajen 1987, kuma a farkon shekarun ba sa ga maciji da juna. Rainey a kan Yamaha ya ci kambi sau uku a jere, 1990 zuwa 1992; Schwantz a kan Suzuki ya yi ta cin tsere, kambi kuwa ya gagare shi. Ran 5 ga Satumba 1993, a Misano ta Italiya, Rainey yana gaba a tseren, yana kuma gaba da maki 11 a gasar, sai ya faɗi ya karye a gadon baya. Daga ƙirji zuwa ƙasa bai ƙara motsi ba. Schwantz ya ɗauki kambin da ya yi shekaru yana nema. Bai ƙara cin wani ba. A tsakiyar 1995 ya ajiye tsere, ya kuma sha bayyana daga baya cewa raunin Rainey ya rage masa abin da yake tura shi. Ashe mutumin da ya fi so ya kayar shi ne yake riƙe da rabin ƙarfinsa.

Da shekaru suka tura, sai suka zama abokai. A Yuni 2022, a wani bikin motoci da babura da ake yi a Goodwood ta Ingila, aka fito da babur ɗin da Rainey ya ci kambin 1992 da shi, an gyara shi yadda zai sa giya da hannu. Aka ɗaga shi daga keken guragu aka ɗora shi a kai, shekara kusan 29 bayan Misano. Ya ja ya hau tudun, Schwantz yana tare da shi a kan Suzuki.